Dubiyar 'Yardada

Murar da ta shigo Kano a ƙarshen daminar nan ba irin wadda ake kora da shayin citta ba ce. Da ƙarfinta ta zo, ta bi lungu-lungu tana kwantar da mutane. A unguwar Mandawari sai da liman ya koma karanta gajerun surori, don in ya ɗauko doguwa tari ne ke ƙarasa masa ita, sahu kuma ya amsa da nasa tarin.

Da farko Gali bai ga abin tashin hankali ba. Allah na tuba, har ɗan murmushi ya riƙa yi, domin kayan yaji yake sayarwa a kasuwar Kurmi, kuma duk mai mura sai ya biyo ta rumfarsa neman citta da kanumfari da masoro. To murar ta ga yana dariya, ta bi shi gida. Ta fara da matarsa Ma'u, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake shi, ta je ta faɗa wa mahaifiyarsa 'Yardada. A nan dariya ta ƙare. Ma'u da yara majina ce da zazzaɓi, amma tsohuwa a ƙirji murar ta sauka mata, numfashinta ya koma fita da ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure.

Wanda bai san 'Yardada ba a Mandawari, to bai taɓa kwanciya ciwo ba. 'Yar tsohuwa ce firit, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi ɗaukarta, amma ba a taɓa yin mai zuwa dubiya irinta ba. Ko ƙaya ka taka, kafin ka cire ta iso da kunun tsamiya a kula tana yi maka sannu. Masu gadin asibitocin garin nan duk sun san ta, kuma babu mai son ganinta. Ta taɓa shiga ɗakin marasa lafiya da bokiti da tsintsiya a matsayin mai shara. Ta taɓa zama kakar wasu tagwaye da ko sunan ubansu ba ta sani ba. Akwai asibitin da ta shiga ta katanga, kuma har yau ana rantsuwa ko ɗigon kunu bai zube ba. Ita da aminiyarta Hajiya Tani su ke jan matan unguwa a wannan harka, 'Yardada ta san hanya, Hajiya Tani ta san farfesu. Amma ita kanta ba ta taɓa kwana a gadon asibiti ba, haihuwar Gali ma a ɗaki ta yi ta.

Da safe Gali ya naɗe ta a bargo, ya sa ta a adaidaita sahu, suka shiga neman gado. Kai jama'a, ranar ya ga Kano. Babban asibiti a cike maƙil, har kan matakala mutane ne a kwance. Na gaba da shi aka ce ko kujera babu. Na kuɗi ma, inda aka saba tarbar mutum da fara'a tun daga ƙofa, maigadi ne ya ɗaga musu hannu daga nesa. Sai bayan azahar, can wajen Ƙofar Dawanau, suka dace da wani ƙaramin asibiti ana cikin sallamar wata mata. Gadon bai huce ba aka kwantar da 'Yardada.

Asibitin nan ɗakin mata guda gare shi, na maza guda, sai baranda da wata darbejiya a tsakar gida. Mura ta cika ɗakunan, ta cika baranda, ta fito gindin darbejiya, inda aka jera tabarmi aka rataye robobin ƙarin ruwa a rassa. In ka hango daga nesa sai ka ce bishiyar ce ta yi 'ya'ya. Injin oksijin kuwa ɗaya ne tal a ɗakin mata, yana can kusurwa yana gurnani, kuma gadon da ke jikinsa shi Allah ya ba 'Yardada. Da aka sa mata robar a hanci, Gali ya ga ƙirjinta ya daina wannan tsalle-tsallen. A ƙasa ya zauna.

Mai kula da ɗakin, Sista Halima Sadiya, doguwa ce, kullum cikin takunkumi. Babu wanda ya taɓa ganin bakinta a asibitin, sai dai a ji abin da ke fitowa daga ciki. Ta kira Gali baranda.

“Malam, kai ne mai jinya? Ina matan gidan?”

“Duk suna kwance, Sista.”

“To za ka zauna a baranda, in ana buƙatarka ka sa takunkumi ka shigo. Abu ɗaya zan faɗa maka, an hana dubiya. Ka ga waɗancan na gindin bishiya? Rabinsu dubiya suka zo mana makon jiya, da kuloli da lemo da ayaba. Suka gaisa, suka yi addu'a, suka shaƙi abin da za su shaƙa, ga su nan sun dawo da tabarmi. Mai abinci ya miƙa wa maigadi, zai shigo da shi. Amma in na ga taron 'yan unguwa a kan gadon nan, wallahi baranda zan fito da ita in ba wata injin. Masu jiransa suna da yawa.”

Gali ya ce to. Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗauki ƙara. Hajiya Tani ce.

Ku da ba ku san matan Mandawari ba za ku ce ai sai ya gaya mata an hana dubiya, shi ke nan. Hmm. Gali ya san su, uwarsa ce ta horar da su. In ya kuskura ya faɗi inda suke, kafin la'asar wata ta zama mai shara, wata ta zama kakar tagwaye, Hajiya Tani kuma, duk da girman jikinta, sai an cicciɓo ta ta katanga. Ban da haka, ta ina yaron da aka yi wankan jegonsa a gabanta zai buɗe baki ya ce wa Hajiya Tani kar ta zo? Ya leƙa ta taga, ya ga robar a hancin uwarsa. Sai ya juya baya, ya kare baki da hannu, ya ce suna wani asibiti can hanyar Zariya. Daga nan ya lallaɓa ya zare 'yar wayar tsohuwar daga jakarta, ya kashe, ya jefa a aljihu.

Washegari 'Yardada ta ɗan farfaɗo, kuma abin da ta fara nema ba magani ba ne. Gali ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa.

“Kai wannan, miƙo mini ɗankwalina mai ruwan goro. Da kwalli. Ba za su zo su same ni kamar wadda aka tono ba.”

Ya ɗaura mata ɗankwalin a karkace, ta buge hannunsa ta gyara da kanta. Ta aike shi ya sayo goro da alewa, ta tura ƙarƙashin matashi saboda baƙi. Ta sa ya kakkaɓe ƙafar gadon, ta ce nan Tani za ta zauna don gwiwarta ba ta son tsayuwa. Sannan ta jingina, roba a hanci, ta kafa wa ƙofa ido.

“Inna, an fa hana dubiya a nan,” in ji Gali a hankali.

Ta dube shi kamar ya faɗi maganar da ba kai ba gindi. “An hana. To da yaushe ne ba a hana ba?”

Da hantsi sai ga kiran Hajiya Tani. Gali ya ruga bayan darbejiya ya ɗauka.

“Gali, mun zo fa, adaidaita biyu cike. Mun duba gado-gado ba mu gan ku ba.”

“Af, Hajiya, ai yanzun nan aka canja mana asibiti. An mai da mu can wajen Nasarawa.”

“Ikon Allah. To farfesun dai ba ya komawa gida. Mun sami wata baiwar Allah daga Bichi, ba ta da kowa a nan, mun ba ta. Ta ci tana ta sa albarka. Gobe ma iso in sha Allahu.”

Haka aka shiga. Kullum Gali ya ƙirƙiro sabon asibiti, kullum matan Mandawari su cika adaidaita su nufe shi. Kuma ka san ba a shiga ɗakin marasa lafiya da kula a fito da ita cike, ba a kuma wuce gado ba a ce sannu ba. Suka duba mutanen da ba su taɓa gani ba tun daga wannan gefen gari zuwa wancan. Wani direban tirela mai karayar ƙafa ya cinye musu kaza sukutum yana hawaye, yana cewa rabonsa da irin wannan tun mahaifiyarsa na da rai. An gayyace su suna a Kurna. Wata daga cikinsu ma ta gano wa ɗanta matar aure a cikin masu jinya, har an karɓi lambar waya. Duk Hajiya Tani ke ba shi labari, in ta gama ta ce, “To yau kuma ina aka kai ku?” Gali, mutumin da ko a awon barkono bai iya tauye mudu ba, ya zama gwanin ƙarya. Har kwatance ya riƙa yi musu, da gidan mai da kwana ta biyu a hannun hagu.

Abin da ya ƙi bari kunnensa ya ji shi ne muryar Hajiya Tani tana ƙara dusashewa, kuma a bayanta atishawa ake ta zubawa. Adaidaita biyun nan ma ya koma ɗaya.

A ɗaki kuwa, duk lokacin da aka turo ƙofa sai 'Yardada ta kai hannu ta gyara ɗankwali. Nas ce. Mai kawo allura ce. In mai shara ce, sai tsohuwar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ko wata ce ta Mandawari ta yi shiga. Mai sharar har tsoron kusurwar ta fara ji, ta riƙa miƙo tsintsiya daga nesa. Da rana maigadi ya shigo da kuloli a rungume yana kira, ta mai gadon bakin ƙofa, ta mai gadon taga, ta Hajiya mai ciwon suga. 'Yardada ta bi kowace kula da ido har a ajiye ta a wani gadon.

“Kai wannan, ina wayata?”

“Ba sabis a nan, Inna.”

A daidai lokacin matar gadon kusa tana ta zabga waya da surukarta a kan wani bunsuru da ya shiga mata ɗaki. 'Yardada ta dube ta, ta dubi Gali.

Tuwo ta fara ƙi, ta ce ba ya wucewa. Daga nan ta ƙi kunu. Gali ya ga abin yana neman wuce wasa, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ya riga ya ɓata. Ya fita titi, ya sayi sabuwar kula, ya ɓare takardar jikinta da farce, ya shiga wani gidan abinci aka cika masa ita da farfesun kaza. Ya ba maigadi, ya roƙe shi ya ɗaga murya sosai.

“Ta mai gadon inji,” in ji maigadi, “daga Hajiya Tani ta Mandawari.”

Wallahi da ka ga fuskar tsohuwar nan. Ta tashi zaune da kanta, ta waiga dama da hagu don ta tabbata kowa ya ji. Ta ce wa matar bunsuru, “Aminiyata ce. Hannunta a farfesu ba a magana.” Gali ya buɗe, ya zuba, ya miƙa. Ta ɗebi romo a cokali ta kai baki. Ta riƙe shi a bakin, ta daɗe, sannan ta haɗiye ta ajiye cokalin.

“Dunƙule ne a ciki,” ta ce. “Tani daddawa take sawa. Ko a biki ba ta taɓa sa dunƙule ba.”

Gali ya fara wata in-ina a kan wai ƙila jikarta ce ta dafa. 'Yardada ba ta ko saurare shi ba. Ta ɗauka ɗanta ne ya ga ba wanda ya zo, ya ji tausayinta, ya nemi ya rufa mata asiri a gaban mutane. Ta kai hannu ta kwance ɗankwali mai ruwan goro, ta ninke shi. Ta jawo goron da ya fara yamushewa a ƙarƙashin matashi, ta ba nas ta ce a raba wa masu ci.

“Ba komai,” ta ce. “Allah ya yi maka albarka. Mutane suna da hidimominsu.”

Ta juya ta fuskanci bango. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi, don wannan albarkar ta ƙona shi har cikin ciki. Ya fito baranda ya zauna da kular a cinya. Matar bunsuru ta aiko a tambaya ko za a ci sauran.

Da safe Sista Halima Sadiya ta tsaya a kansa.

“Malam, me kuka yi wa tsohuwar nan?”

“Ni? Ba komai, Sista.”

“Magani yana aiki, ƙirjinta yana washewa, zazzaɓi ya sauka. Amma ta rufe baki, ko ruwa sai na yi da gaske. Ni allura na iya. In mutum ya ce ya gaji, ba ni da allurar wannan. In ta ci gaba a haka, ba mura ce za ta kai ta ba.”

Ta wuce abinta. Gali ya leƙa ta taga. Ga inji yana gurnani, ga roba a hanci, ga gado, duk abin da ya yi ƙarya dominsa yana nan cif. Uwarsa ce kawai ke neman tafiya ta bar su. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da suke yawon neman gado. Ya ciro waya ya kira Hajiya Tani, yana cewa a ransa in ma duk Mandawari za ta hauro katanga, ta hauro.

Namiji ne ya ɗauka, Ɗalha, babban ɗan Hajiya Tani.

“Gali, kai ne? Hajiya fa ba ta iya magana. Tun jiya numfashi ke yi mata gardama. Muna cikin adaidaita tun asuba, duk inda muka je a cike. Abin haushin, a ko'ina an san ta. Majinyata suna ta ɗago mata hannu ana Hajiya mai farfesu, amma gado babu. Ku wane asibitin kuke ne yau?”

Gali ya yi kwatancen gaskiya. Sai da ya maimaita, don bakinsa ya saba da ɗaya hanyar.

Ba a jima ba adaidaita ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗalha da Gali da maigadi da direban suka haɗu suka fito da Hajiya Tani, kowa yana nishi. Fuskarta ta yi jawur, idanu sun kumbura, mayafi ya zame, amma hannunta biyu suna rungume da wata tsohuwar kula mai lanƙwasasshen murfi. Maigadi ya kai hannu zai karɓa, ta harare shi da ragowar ƙarfinta.

“Ƙyale ta,” in ji Ɗalha. “Daga kwance ta sa aka dafa, tana nuni da yatsa. Ta ce ba za ta shiga adaidaita ba sai da ita, ko Allah zai sa a yi kiciɓis da 'Yardada a hanya.”

Aka taushe wasu masu tari aka sama mata gefen benci a baranda. Sista ta zo ta ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ta saurara gaba, ta saurara baya, ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa ta duba. Sannan ta miƙe ta dubi Gali.

“Wannan inji take buƙata, yanzu-yanzu. Mahaifiyarka za ta iya numfashi ba shi, yunwa ce ke damunta. Sai dai ta fito baranda a ba wannan gadon.”

To ka ji. Mutum ya zagaya da matan unguwa guda kaf asibitocin Kano don kar a fito da uwarsa baranda, ga shi da hannunsa ya ƙera wadda za ta fito da ita. Hajiya Tani ta sarƙe da tari, wani irin tari mai kauri da ke ƙarewa da ɗan fito.

Sai aka ji wata 'yar murya daga cikin ɗaki.

“Wannan tarin Tani ne.”

Gali ya leƙa. 'Yardada ta juyo daga bango, ta dogara da gwiwar hannu, tana laluben ɗankwali.

“Kai wannan, kurma ne kai? Na ce tarin Tani ne. Me take yi a waje?”

Aka shigo da Hajiya Tani a rirriƙe. Sista ta fara bayani a kan inji da baranda da yadda za a sama wa Iya katifa mai kyau a waje. 'Yardada ta cire robar daga hancinta da kanta ta miƙa mata, sannan ta matsa jikin bango har ta kusa shigewa ciki.

“Ku kwantar da ita nan.”

“Iya, gado ɗaya mutum ɗaya ne.”

“'Yata, dube ni da kyau. Ni ko rabin mutum na kai? Ba inda za ni. Ciwonmu ɗaya, me za ta shafa mini?”

Sista ta dubi tsohuwar, ta dubi Hajiya Tani, ta leƙa baranda inda ko wurin ajiye takalmi babu. Ta yi wani dogon tsaki a cikin takunkumi, ta ce a kawo sabuwar roba. Aka kwantar da su kai da ƙafa, gadon ya yi ƙara yana neman agaji. Inji ya koma hancin Hajiya Tani. Da iskar ta ɗan zaga ta, ta buɗe ido, ta ɗago kai da ƙyar ta hango aminiyarta a can ƙarshen gado.

“Sannu, 'Yardada,” ta ce, murya kamar ta kwaɗo. “Ya jiki?”

“A'a, ke za a yi wa sannu. Ya jiki, Tani?”

“Ni na zo dubiya.”

“A kwance aka kawo ki. Ni ke duba ki.”

“Da kula na zo.”

“A gadona kike.”

Suka yi ta yi har tari ya raba su. Matar bunsuru ta kashe wayarta don ta ji da kyau. Gali ya rakuɓe a jikin inji, yana fatan a manta da shi.

“Ke dai bari,” in ji Hajiya Tani tana haki. “Ba asibitin da ba mu shiga ba a garin nan. Kullum a ce an canja muku. Mun je hanyar Zariya, mun je Nasarawa, mun je wani da ashe na dabbobi ne. Ɗan nan naki da kwatance kamar ɗan tasi.”

'Yardada ta juyo da kai a hankali ta dubi Gali, ta mai da idonta kan Tani.

“Ke da wa?”

“Ni da wa? Da kowa. Yanzu haka duk suna kwance, murar da muka kwaso ce. Mandawari ba mai ɗora tukunya.”

“Har da Sa'ida?”

“Har da ita, da ƙafar tata. Ɗaukarta ake a sa a adaidaita.”

“Nana Khadija fa? Ai ba ma magana tun rigimar kwata.”

“Ita ke zama gaba kusa da direba. Ita ta yi kuka a asibitin dabbobi, ta ce in kika tafi ba ku shirya ba ba za ta yafe wa kanta ba.”

'Yardada ta jawo gefen ɗankwali ta danne idonta, kwallin da ya rage ya bi kumatu. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ke zuwa da ciwo, kuma ba ta ɓoye ba, ta yi kukanta a gaban ɗaki guda. Hajiya Tani ta laluba ta kama ƙafarta, don ita ce kusa, ta riƙe.

Da ta natsa sai ta ce, “Kai wannan.”

“Na'am, Inna.”

“Don injin nan ka yi?”

“Sista ce ta ce in suka zo za a...” Ya dubi injin. “Tsoro na ji, Inna.”

Ta daɗe tana kallonsa, ba harara, ba murmushi.

“Da jiya Allah ya ɗauke ni,” ta ce, “da na tafi ina jin haushin mutanen da ke kan titi suna nemana.”

Gali ya sunkuyar da kai.

“Ni da kai sai mun koma gida. Buɗe kular nan, yunwa nake ji.”

Ya buɗe, ya zuba ya miƙa mata. Ta sha romo, ta tsotsi ƙashi, ta miƙo kwanon a ƙara. Tana ci tana tsara wa Tani yadda za a bi gidajen Mandawari in an sallame su, wa za a fara dubawa, wa za a bari ƙarshe don gidanta akwai matakala. Sista Halima Sadiya ta zo wucewa, ta ga tsohuwa tana suɗe yatsa, ta tsaya kaɗan, ta wuce abinta.

Gali ya zame ya fito. Baranda ba wuri, ya ƙarasa gindin darbejiya ya tsugunna, ya janye takunkumi. Nan abin ya ƙwace masa. Ƙato da gemu ya yi ta kuka, ido yana zuba, hanci yana zuba, kafaɗa tana rawa.

Wani dattijo da ke kwance a tabarmar kusa, ƙarin ruwa a hannu, ya ɗago ya ƙare masa kallo. Ya ja jiki ya matsa gefe, ya daddaɓa wurin da ya bari.

“Zauna nan, Malam, akwai wuri,” ya ce. “Haka take farawa, da ruwan ido. Ni ma haka ta yi mini.”

Gali ya ce na gode, Baba. Ya zauna.